Mu Dasa Inabi, Amma Na Kwando, Ba Na Kwalba Ba

Wata wasiƙa ta zo mana daga wata ƙungiyar gama kai ta 'yan'uwa manoma a ƙasar Sumaila. Sakatarensu ne ya rubuto, ya ce sun yi taro har sau biyu ba su tashi da baki ɗaya ba. Wani saurayi daga cikinsu, wanda ya gama makaranta ya komo gida, shi ya kawo shawara su ci rance su dasa kadada guda ta inabi a bakin fadamarsu, su riƙa matse 'ya'yan suna yin ruwan inabi irin na kwalba, mai sa maye, su sayar wa ekklesiyoyin da ke amfani da shi wajen Jibin Ubangiji, sauran kuma su kai Kudu. Ya nuna musu hotuna a wayarsa: wani tsoho a Faransa da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yar gonarsu a kan tudu, da ganguna jere a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Samari suka ce a yi. Dattawa suka ce a dakata. Shi ne suka ce mu raba gardama.

To, 'yan'uwa, ga abin da mu ke gani. Yaron nan yana da rabin gaskiya, kada kowa ya yi masa dariya. Inabi yana yi a ƙasarmu, yana kuwa kawo kuɗi. Amma kadada guda ta yi yawa, rancen bai kamata ba, kwalbar kuma a bar ta. Za mu faɗi dalilanmu, wanda ya ga mun kauce ya rubuto mana.

Da fari, zancen cewa inabi abin ƙasar Turawa ne ko ƙasar Larabawa kaɗai, wannan ya wuce. Wanda ya ke shakka ya tafi ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, arewa da Zariya, wajen Hunƙuyi. Can zai ga rumfunan inabi a gonakin Hausawa manoma irinmu, waɗanda ada rake da tumatir aka san su da su. Har an san Kudan da wannan noma a Nijeriya duka. Ƙasarsu ba ta bambanta da tamu ƙwarai ba, sai dai sun ɗan fi mu ruwan sama da sanyi.

Mu ma a nan Gawuna muna da kuringa goma sha biyu a bayan gida. Wani tsohon mai lambu, wanda ya daɗe yana aiki a gidan wani Kwara a nan Nassarawa, shi ya ba mu yankan rassan a ɗaure cikin jiƙaƙƙen buhu. Ba mu ɓoye muku, shekara biyu na fari wahala muka sha, kuma laifinmu ne. Mun kafa rumfa da dirkokin itace domin araha, gara ta cinye su ta ciki ba mu sani ba, wani hadari na watan Agusta ya zo ya kwantar da rumfar duka a ƙasa. Shekara ta biyu kuwa sai hankalin manomi ya yaudare mu. Da ruwan fari ya sauka muka ce ai yanzu ne lokacin kowace shuka, muka yi wa kuringar aski domin ta yi 'ya'ya. Ta kuwa yi. Amma nonnan suka zo nuna a tsakiyar damina, 'ya'yan suka tsattsage, fumfuna ta rufe su, ko kwano guda ba mu ci ba. Sai a shekara ta uku, da muka yi askin a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, muka ci inabi mai zaƙi a Fabrairu.

Ga dalilin. A Faransa sanyin hunturu ya kan kaɗe ganyen kuringa, ta yi barci wata uku ko huɗu, ta farka da bazararsu ta yi 'ya'ya sau ɗaya. A nan sanyinmu bai isa ya sa ta barci ba. In ka ƙyale ta, sai ta yi ta miƙa rassa da ganye shekara duka, 'ya'ya kaɗan. Saboda haka wuƙar manomi ita ce ke tsayawa a maimakon hunturu, kai ne za ka gaya mata lokacin da za ta haihu. Manoman Indiya, musamman na Nashik a Jihar Maharashtra, waɗanda yanayinsu ya yi kama da namu, watau damina guda da dogon rani, sun daɗe da gane wannan. Aski biyu su ke yi, girbi ɗaya. Wajen Afrilu, bayan girbi, su kan datse rassa har kusa da gindinsu, su bar ido ɗaya ko biyu, domin sababbin rassa su fito su ƙosa cikin damina. Wajen Oktoba su kan sake datsewa, wannan karo su bar idanu da ɗan yawa, daga nan ne fure ke fitowa. Daga askin Oktoba zuwa girbi wata huɗu ne zuwa biyar. Duk wannan lokaci babu ruwan sama ko ɗigo, watau da ruwan rijiyarka za ka rene ta. Wanda rijiyarsa ke ƙafewa a Fabrairu kada ma ya fara.

Yanzu sai zancen kwalba. A bakinmu na ekklesiya kalma guda mu ke da ita, ruwan inabi, ko wanda aka matse yau ne, ko wanda ya kwana ya zama giya. Wannan ya kan rikita magana a taro. Abin da saurayin nan ke nufi shi ne na biyun, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ɗanyen inabi kwana kaɗan ya ke yi ya lalace, na kwalba kuwa ya kan yi shekaru. Ya ce 'yan'uwanmu na Katolika da Angilikan suna sayen nasu, me zai hana kuɗin ya shigo hannun manomi Kirista? Tambaya ce mai kyau. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba za mu shiga gardamar ko ya halatta Kirista ya sha ko bai halatta ba. Wannan na fastoci da dattawa ne, ɗarikokinmu ma ba su zama ɗaya a kai ba. Mu malaman gona ne, a kan gona da aljihu za mu tsaya.

Irin inabin da a ke ci dabam ya ke da wanda a ke yin giya da shi. Na ci manyan 'ya'ya gare shi, da ruwa da yawa, da siririyar fata. Na giya ƙanana ne, fatarsu da kauri, sukarinsu ya fi yawa, ga tsami da ke riƙe abin kada ya lalace. Abin da ke hannun manoma a wajenmu, da abin da za ku samu ku dasa, na ci ne. In ka matse shi ka bar shi ya tashi, salam-salam zai fito, sai ka yi ta ƙara masa sukarin kanti, ribar kuwa tana tafiya ke nan.

Sa'an nan ga zafi. Yistin da ke mai da sukari giya ba ya son zafin da ya wuce digiri 30 a ma'auni, in ya kai wajen 35 sai ya fara mutuwa aikin ya tsaya a rabi. Tashin kansa kuma yana ƙara zafi cikin tulun. To, yaushe mu ke girbi? Fabrairu da Maris, ana shiga bazara, lokacin da ma'auni a Kano ke doshin 40 da rana. Abin da yisti ya bari, waɗansu ƙwayoyi da ke son zafi da iska su kan karɓe shi su mai da shi ruwan tsami. Ɗakin ƙasan da kuka gani a hoton nan na Faransa ba ado ba ne, sanyi ne na kyauta da ƙasarsu ta ba su. Mu sai mun saye shi da injin sanyaya ɗaki da janareta da man da zai sha dare da rana. Wace ƙungiya ce a cikinmu ke da wannan?

A ce ma an yi ya yi kyau. Wa zai saya? Ku tambayi kowane mai hidima kwalba nawa ekklesiyarsa ke sha a shekara, za ku tarar ba yawa. Ekklesiyar Katolika kuma tana da doka a kan abin da a ke ɗorawa a bagade, sai tsantsar ruwan inabi wanda bai ɓaci ba, ba a yi masa gauraye ba. Ba za su karɓi abin da aka dama a jarka aka ƙara wa sukari ba, komai zumuncin da ke tsakaninmu. In kuwa kasuwa za a kai, sai an yi rajista da hukumar NAFDAC, sai an sami ɗaki da kayan aiki irin waɗanda za su duba su yarda da su, ga haraji. Bayan duk wannan ka je ka yi gasa da kwalaben Afirka ta Kudu, inda a ke matsa tun 1659, da na Sifen da Italiya.

Akwai wani wuri a Afirka da ya kamata mu dubi abin da ya same su. A yankin Dodoma na Tanzaniya 'yan mishan na Katolika ne suka kai inabi tun wajen 1938, ya kuwa karɓu, gama wurin tudu ne mai bushewa, ya fi Kano tsayi fiye da ninki biyu, dare da sanyi. Ƙananan manoma suka dasa da yawa, suna sayar wa kamfanin giya na gwamnati. Da kamfanin ya durƙushe, suka rasa inda za su kai, da yawa suka watsar da gonakin. Daga baya waɗansu kamfanoni sun zo, noman ya farfaɗo, amma kukan manomin can bai sake ba: in masu matsa ba su saya ba, ko suka karya kuɗin, ba shi da ta cewa, gama inabi ba dawa ba ce da za a zuba a rumbu. Wanda ya dasa na ci kuwa, kowane mai wucewa da naira a aljihu mai sayensa ne.

Mun bar babban dalili a ƙarshe domin kada a ce da tsoro muka fara. A Jihar Kano mu ke zaune. Tun 2000 aka ƙaddamar da Shari'a, a 2004 kuma dokar jiha ta hana yin abin maye da sayar da shi da safararsa. Kowa ya ga yadda Hisba ke farfasa kwalabe a bainar jama'a. Ko me mutum ke gani game da dokar, tana nan, motar da ta ɗauko kayanku daga Sumaila kuwa ta kan hanyar jihar za ta bi. Rancen da aka ci da sunan mutum arba'in zai iya ƙarewa a ƙarƙashin tayar buldoza a yini guda. Ban da doka, akwai zaman tare. Maƙwabtan da mu ke haɗa fadama da su, mu ke aron garma a hannunsu, su ke zuwa mana jana'iza mu ke zuwa musu suna, in aka ce ƙungiyar ekklesiya ta buɗe wurin yin giya, wane suna muka saya wa kanmu? Tsofaffinmu kuma ba su manta da yawan dawar da tukunyar burkutu ta cinye a gidajenmu ba, da yaran da suka kwana da yunwa saboda ita.

Alhali waɗannan maƙwabta su ne kasuwarmu. Inabi ɗan itace ne mai daraja a wurinsu kamar yadda ya ke a wurinmu. Ku shiga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, ko ku dubi teburan masu kayan marmari a bakin titunan Nassarawa, ku ga inabin da a ke shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar a 'yan robobi, ku tambayi kuɗinsa. Sa'an nan ku yi wannan lissafi: kwalba guda ta giya tana cin inabi kilo ɗaya da kwata, in da hannu a ke matsa ma kilo ɗaya da rabi. Ku kimanta kuɗin wannan kilo da rabi in an sayar da shi ɗanye yau, kuɗi a hannu, ba kwalba, ba murfi, ba sukari, ba jiran wata shida. Ga kuma wani abu da mu ke so ku lura da shi. A 2025 azumin Musulmi ya kama a farkon Maris, kowace shekara kuwa yana matsowa baya da wajen kwana goma sha ɗaya. Watau har zuwa 2030 zai riƙa faɗowa tsakanin Fabrairu da Janairu, daidai lokacin da inabinmu ke nuna, lokacin da kowane gida ke neman kayan marmari na buɗa baki. Wanda ya matso da askinsa zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, in ruwa ya ɗauke, zai iya gamuwa da wannan kasuwa.

Sauran maganar saurayin, cewa ɗanye yana lalacewa, gaskiya ce. Kullum akwai nonnan da tsuntsu ya tsaga, da waɗanda ba su yi kyan gani ba, da ranar da dillali ya ƙi zuwa. Amma akwai hanya biyu na adana su ba tare da giya ba. Ta ɗaya, wani likitan haƙori ne ɗan ɗarikar Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya fito da ita a 1869, domin yana son ekklesiyarsa ta yi Jibi da abin da ba ya sa maye. Ya bi hanyar Louis Pasteur na Faransa: a matse, a tace, a ɗura a kwalabe masu tsabta, a ɗumama su har yistin ya mutu. Kowace mace mai tukunya za ta iya. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, a zuba ruwa har wuyansu, a hura wuta har ruwan ya kusa tafasa, a riƙe shi haka minti ashirin, a toshe su da zafinsu sosai. Kwalbar da aka ga tana kumfa daga baya, ko murfinta ya kumbura, a zubar. Ekklesiyoyinmu na ƙauye da yawa da zoɓo ko lemon kwalba su ke yin Jibi, gama shi ne abin da ke samuwa. Ashe ba abin murna ba ne a ce abin da ke cikin ƙoƙon daga kuringar bayan gidan wani ɗan'uwa ya fito? Hanya ta biyu ita ce zabibi. Rana da iskar rani namu ne kyauta. A baza a kan tabarma a bisa rumfa, a lulluɓe da siririn mayafi saboda ƙura da ƙuda, mako biyu zuwa uku. Wajen kilo huɗu na ɗanye ke ba da kilo guda, marar ƙwallo kuma ya fi kyau.

Zancen kadada da rance kuwa, ku ƙirga da kanku. In aka dasa mita uku tsakani ta kowane gefe, kadada guda tana cin kuringa 1,111. Kowace ɗaya tana bukatar rami mai zurfi da taki, da aski biyu a shekara, da ɗauri, da rage 'ya'ya, da feshi a kai a kai cikin damina saboda fumfunar ganye, da ban ruwa rani duka. Dirkoki ɗari-ɗari, na siminti ko na ƙarfe tun da mun ga aikin gara, da waya mai ɗimbin yawa. Shekara biyu ba kwabo, kuɗin ruwan rance kuwa ba ya jiran kuringa ta girma. Fadamar nan kuma yanzu tana ba ku tumatir da albasa cikin wata uku ko huɗu, da su ku ke biyan kuɗin makaranta. In kuka yi kuskure irin namu a kan kuringa goma sha biyu, abin dariya ne a taro. A kan dubu da ɗari, gonar wani ce za a sayar.

Shawararmu ke nan: kowane gida mai rijiya da ba ta ƙafewa ya dasa goma, in ya yi yawa ashirin, kusa da gida inda ido ke kai, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, a katange saboda awaki. Aikin ƙungiya shi ne abin da gida guda ba zai iya ba. Ku sayi waya a dunƙule, ku yi ma'aunin zuba dirkar siminti guda ɗaya ya riƙa zagawa, haka injin feshi da almakashin aski. Ku raba ranakun aski, waɗansu wannan mako waɗansu mako mai zuwa, domin kada duka ya nuna rana ɗaya dillali ya taya muku yadda ya ga dama. Kuma tun kafin a dasa a zauna a faɗi rabon mata a fili. Mun san wanda zai ja guga daga Nuwamba zuwa Maris, ba mai gida ba ne.

Wajen girbi a tuna inabi ba mangwaro ba ne, ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi. A ɗanɗana na can ƙarshen nono, in ya yi zaƙi sa'an nan a yanka, da sassafe, a jera a kwali marar zurfi. Farar ƙurar nan da ke jikin 'ya'yan kada a goge ta, halittarsa ce, masu saye ma da ita su ke gane sabo. Maganin feshi kuma a karanta kwanakin da aka rubuta a jikinsa, a daina fesawa tun da sauran lokaci, gama abin nan da fatarsa a ke ci, yara ne kuwa ke fara kai hannu.

Kafin ku kashe ko naira guda, ku zaɓi mutum biyu, saurayin nan da dattijo guda daga cikin waɗanda suka ce a dakata, ku biya musu kuɗin mota su tafi Kudan sau biyu, a Oktoba su ga aski, a Fabrairu su ga girbi da ciniki. Su tambayi manoman can irin da su ke dasawa, da abin da ya fi ba su wahala. Su biya ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai kuma reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, kusa da ku.

Mu kuma in Allah ya kai mu askin Oktoba za mu tara rassa masu ƙwari daga kuringarmu ta Gawuna, mu yanyanka su ido uku-uku. Ba za su ishi kowa ba, saboda haka ƙungiya biyar na fari da suka aiko ta hannun sakatarensu, kowace za ta sami ashirin. Wanda zai zo karɓa ya taho da jiƙaƙƙen buhu, ya kuma tabbata an cika ledojin reno da ƙasa da taki kafin ya baro gida.